Amsa: MIAD ko M.Sc. ga mai niyyar digirin digirgir?

Malam, ka tambaya wanne ya fi maka tsakanin MIAD (digiri na biyu kan harkokin ƙasa da ƙasa da diflomasiyya) na Jami'ar Ahmadu Bello da M.Sc. (digiri na biyu na bincike) a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa, tunda kana son kaiwa digirin digirgir kan ECOWAS. Ɗauki M.Sc. MIAD an tsara shi ne don ma'aikata, kuma jami'o'i da yawa ba sa karɓar irinsa kai tsaye zuwa digiri na uku. Tambayi makarantar karatun gaba da digiri kafin ka biya kuɗin fom.

Maudu'inka kuma ya yi faɗi, nan ne ɗalibai suke maƙalewa. Taƙaita shi: takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, har zuwa ɗage shi a Fabrairu 2024. Wannan yana da farko da ƙarshe, ga sanarwowin taron shugabanni a rubuce. Ka fara koyon Faransanci yanzu, domin takardun gwamnatin Yamai da shi aka rubuta su, kuma dogaro da jaridun Najeriya kaɗai zai ba ka rabin labari. Ɗakin karatu na NIIA (Cibiyar Harkokin Ƙasa da Ƙasa ta Najeriya) a Legas zai taimaka ƙwarai. Jami'an diflomasiyya kuwa, nemi ganawa da su da wasiƙar sashenku tun da wuri, suna jinkirin amsawa.