Na farko a jarrabawar ɗa'a da satar amsa ya ci

Tambaya: Malam, ina aji uku a jami'a, ina karatun akanta. An wajabta mana kwas na falsafa, ɗa'a da shugabanci. Wanda ya fi kowa maki a ajinmu da satar amsa ya ci, a kan idona. To ina amfanin kwas ɗin? (Wata ɗaliba)

Amsa: 'Yata, ko Aristotle, masanin falsafar nan na tsohuwar Girka, ba zai yi miki musu ba. Fiye da shekara 2,300 ke nan da ya koyar da cewa mutum na zama adali ne ta hanyar yin adalci yau da gobe har ya zame masa jiki. Maki hadda ya auna, bai auna hali ba.

Amfanin kwas ɗin yana fitowa ne idan abu biyu masu kyau suka yi karo. A ce ke ce shugabar rukuni a aikin aji. Ɗayanku bai tsinana komai ba saboda jinyar mahaifiyarsa, ga shi yana roƙon ki sa sunansa. Masanin falsafa ɗan Ingila John Stuart Mill zai ce ki auna sakamako: wa zai amfana, wa zai cutu? Immanuel Kant kuwa, masanin falsafa Bajamushe, tambayarsa ɗaya ce: kin yarda kowane shugaban rukuni ya riƙa yin haka? In kowa na yi, suna a kan takarda ya tashi daga aiki. Ni a nan bayan Kant nake, duk da taurin kansa kan gajiyar da ni a wasu wuraren. Amma ba za ki yar da yaron ba. Ki raka shi wajen malami a nema masa ƙarin lokaci.

Sai maganar biyayya, wadda ta fi shafar sana'arki. A 1961, a Jami'ar Yale ta Amurka, masanin halayyar ɗan Adam Stanley Milgram ya yi wani gwaji inda ya sa mutane su riƙa jona wa wani lantarki duk sanda ya kuskure amsa. Lantarkin na ƙarya ne, amma su ba su sani ba. Mutum 26 cikin 40 sun kai har ƙarshe, volt 450, suna gumi suna rawar jiki, don kawai mai kula da gwajin ya ce su ci gaba.

Wata rana oga zai ajiye miki takarda ya ce ki rage wani adadi kafin masu binciken kuɗi su iso, ya kuma tabbatar miki cewa in an samu matsala alhakin yana wuyansa. Abin da aka gaya wa waɗanda suka yi gardama a gwajin Milgram ke nan.