Ku Tambaya Mu Amsa: Yawo da keke a karkarar Faransa

Wasiƙu uku ne suka shigo wannan makon kusan duk a kan magana ɗaya, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ni ɗalibi ne a Faransa shekarata ta biyu kenan amma ban san ko'ina ba daga aji sai ɗaki. Ina da hutun sati ɗaya kuma kuɗina ba yawa, abokina yace mu hau keke mu bi gefen kogin Luwar mu ga gidajen sarakunan da. Anya wanda bai taɓa yin kilomita 20 a keke ba zai iya? Kuma gida nawa zamu iya gani a sati ɗayan?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Zaka iya mana, abokin nan naka ya baka shawara mai kyau, kar ka bari ta wuce ka. Hanyar da yake nufi ita ce wadda zaka ga an rubuta La Loire à Vélo a allunan gefen titi, tsawonta wajen kilomita 900 ne daga kusa da garin Neber har inda kogin ya faɗa Tekun Atilantika, kuma yawancinta shimfiɗaɗɗiya ce ba hawa ba gangara, wani wurin hanyar keke ce zalla wani wurin ƙaramin titin ƙauye ne da sai ka jima baka ga mota ba. Ba wanda yace sai ka yi ta duka. Ku ɗauki tsakiyarta, daga Buluwa zuwa Somur, kullum kilomita 40 ko 50, da hantsi kun ci rabi.

Tambayarka ta biyu kuwa ita ce nake so mu ɗan zauna a kai. Kar ka ƙirga gidaje. Na ga masu shiga fada uku huɗu a rana ɗaya, da yamma ka tambaye su me suka gani sai su ce duk iri ɗaya ne, ga kuɗin tikiti ya tafi ga gajiya. Gida ɗaya a rana ya isa, wata ranar ma kar ku shiga ko'ina, ku zauna bakin ruwa ku ci burodi.

In ni ne, da fadar Shambor zan fara, bai kai kilomita 20 daga Buluwa ba. Sarki Faransuwa na ɗaya ne ya sa aka fara ginin a 1519, ɗaki sama da 400, murhu 282, dajin da ke kewaye da shi kuma katangarsa kilomita 32 ce, kuma duk da haka kwanakin da sarkin ya yi a ciki duk tsawon mulkinsa basu wuce 'yan makonni ba. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne matattakalar tsakiyar gidan, guda biyu ne aka naɗe su da juna kaman igiya mai tufka biyu, kai ka shiga ta ƙofa ɗaya abokinka ta ɗayar, kuna hawa kuna hango juna ta 'yan tagogin tsakiya amma har ku kai sama bazaku haɗu ba. Masana da yawa na ganin akwai tunanin Leonardo da Vinci, shahararren mai zanen nan ɗan Italiya, a ciki, dan shi ma a nan kusa ya ƙare rayuwarsa, a garin Ambuwaz, ya rasu a 1519 ɗin nan kafin a fara aikin. Gidan da ya zauna yana nan ana shiga, kuma Ambuwaz ɗin kan hanyarku take.

Daga Ambuwaz ku ratse wajen kilomita 15 zuwa Shenonso. Wannan gida a kan kogin Sher aka gina shi, wato gada ce aka ɗora mata doguwar rumfa mai bene, mita 60, ruwa na wucewa ta ƙarƙashin ƙafarka. A Yaƙin Duniya na ɗaya an mayar da rumfar asibiti an yi jinyar sojoji sama da 2,000 a ciki. Daga 1940 zuwa 1942 kuma kogin ne iyaka tsakanin ɓangaren da Jamus ta mamaye da wanda bata mamaye ba, toh sai ya zama ƙofar gaba tana hannun Jamusawa ƙofar baya tana ɗaya ɓangaren, mutane sun tsira da ransu ta cikin rumfar nan. In ka tsaya a kan daɓen nan mai baƙi da fari ka san wannan labarin, wallahi kallon da zaka yi wa wurin daban ne.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, iskar yankin yawanci daga yamma take busowa, in ka bi kogin kana nufar teku zata dinga dukan fuskarka. In ƙafarka bata saba ba ku juya tafiyar, ku fara daga Somur ku ƙare a Buluwa, iska na tura ku ta baya. Kuma layin dogo yana bin kwarin kogin, ranar da gwiwa ta gaza sai ku sa kekunan a jirgin yanki da suke kira TER, ku dai duba tun da wuri dan lokacin zafi wasu jiragen sai an kama wa keke wuri.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni da maigidana da yaranmu biyu, ɗan shekara 9 da 'yar shekara 13, muna so mu gwada irin wannan tafiyar. Damuwata dokar hanya da kuma abinci, kar mu shiga ƙauye mu rasa abin da ya halatta mu ci.

AMSA: Barka kadai Hajiya. Ɗan shekara 9 ɗin dole ne ya sa hular kwano, doka ce tun 2017 ga duk yaron da bai kai 12 ba, ita babbar doka bata tilasta mata ba amma dan Allah ki sa mata, ku ma iyaye ku sa. Kowane keke ya kasance da birki gaba da baya, fitila, da ƙararrawa. An hana sa abin sauraro a kunne ana tuƙi, haka riƙe waya a hannu, tarar ta kai yuro 135. In dare ya yi muku a wajen gari ko hazo ya sauka sai an sa rigar nan mai ƙyalli. Abin da zaki fi nanata wa yara shi ne mahaɗar hanya a cikin ƙauye, inda babu alama wanda ya fito ta hannun dama shi ke da hanya ko da lungu ya fito, baƙi da yawa nan suke rikicewa.

Abinci kuwa sai an yi shiri. Yankin Tur sun shahara da naman alade da suke dafawa cikin kitsensa, sunansa rillettes, a ido kaman wani abin shafa wa burodi ne, ki kiyaye shi. Naman halal ki saya a manyan garuruwa irin Tur da Buluwa da Orleyan, a ƙauye kuwa burodi, ƙwai, kifin gwangwani, 'ya'yan itace da cukun akuya wanda yankin ya yi suna a kansa sun ishe ku. Shagunan ƙauye da yawa suna rufewa da tsakar rana sai wajen ƙarfe 2 ko 3, ranar Lahadi da yamma da Litinin kuma sai ki zagaye ƙauyen kaf baki samu ko ɗaya a buɗe ba. Ni kaina ya taɓa faruwa da ni wata Litinin, na iso wani ƙauye gorar ruwata ba ko ɗigo, wata tsohuwa da ke ban ruwan furanninta ta nuna min maƙabarta da hannu, ashe akwai famfo a bakin ƙofa wanda masu ziyara ke ɗiba. Masu keke duk sun san wannan, sai dai in kin ga an rubuta eau non potable toh ba na sha bane.

Wurin kwana ki nemi mai alamar Accueil Vélo, ma'anarta bai fi kilomita 5 daga hanyar ba kuma akwai wurin kulle keke da kayan gyara. Ki tafi da famfo, tif na sifiya da kayan faci, dan ba zaki samu mai faci a bakin titi ba. Da yara kilomita 25 a rana ya wadatar.

TAMBAYA: Malam ni dattijo ne mai son tarihi, na ji ance Musulmin Andalus sun taɓa kaiwa har cikin Faransa. Akwai hanyar keke da zata kai mutum wuraren?

AMSA: Akwai Baba, Allah ya ƙara lafiya. A kudu ku bi gefen Canal du Midi, magudanar da Piyer-Fol Rike ya haƙa daga 1666 zuwa 1681, kilomita 240 daga Tuluz zuwa gaɓar Bahar Rum, shi kansa ya rasu a 1680 bai ga buɗe ta ba. Tana bi ta Karkason, birni mai ganuwa biyu da hasumiya 52, wanda rundunar Andalus ta ci a 725, kuma akwai reshen ruwa da ke sauka Narbon, wadda Larabawa ke kira Arbuna, tana hannunsu daga 719 har 759. Ku sani dai ganuwar da zaku gani ba ginin Larabawa bace, wani sashen na Rumawa ne, mafi yawa na bayansu ne, kuma an yi mata babban gyara a ƙarni na 19. Hanyar daga Tuluz kwalta ce mai kyau na wajen kilomita 50, bayan nan akwai wurare masu tsakuwa da saiwar bishiya, a shekarunku ku yi hayar keke mai batir da faffaɗar taya, kuma ku guji Yuli da Agusta saboda zafi, Mayu ko Satumba sun fi.

A arewa kuma tsakanin Tur da Fuwatiye aka gwabza a 732, inda jagoran rundunar Andalus Abdurrahman al-Gafiƙi ya rasu a karawarsa da Sharl Martel, jagoran rundunar Faransawan wancan lokacin, littattafan Larabci suna kiran wurin Balaɗush Shuhada. Masana sun saɓa a kan takamaiman filin, amma akwai wurin tunawa a ƙauyen Musse kusa da Shatelro. In kun dawo bakin Luwar ku tsaya a Fontebro kusa da Somur, nan aka binne Sarki Richad na Ingila wanda ya kara da Salahuddin Ayyubi suka yi sulhu a 1192, siffarsa ta dutse tana nan kwance kusa da ta mahaifinsa da mahaifiyarsa. Daga bakin kogi zuwa can akwai ɗan hawa na 'yan kilomitoci, nan batir ɗin zai yi muku amfani.