Magniziyam: Me Ya Sa Yake Tsagewa, Kuma Yaya Ake Sa Shi Ya Lanƙwasu?

Tambaya: Ni maƙeri ne a unguwar Zariya, nan Maradi. Cikin tarkacen injuna da nake saye don zubin tukwane nakan tsinci wani farin ƙarfe mara nauyi, an ce sunansa magniziyam. Da na sa masa guduma sai ya tsage. Ɗana da ke Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya ce akwai matsar da ake yi masa har ya riƙa lanƙwasuwa. Gaskiya ne?

Amsa: Sannu da aiki, Malam. Ɗanka ya faɗi gaskiya.

Kowane ƙarfe tarin ƙananan ƙwayoyi ne, kowace ƙwaya kuma shimfiɗu ne hawa-hawa, kamar tabarmi da aka jera. Lanƙwasuwa ita ce zamewar shimfiɗun nan a kan juna. Alminiyam yana da hanyoyin zamewa 12. Magniziyam mai sanyi kuwa biyu kawai yake da su masu sauƙi, alhali sai da biyar ƙarfe ke bin guduma ba gardama. Abin da ya kasa zamewa sai ya tsage. In zafi ya haura digiri 200 zuwa 225 a ma'aunin Salsiyas, sauran hanyoyin sukan buɗe.

Matsar da ɗanka yake nufi, wadda Vladimir Segal ya ƙirƙiro a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ana yin ta da dunƙulen ƙarfe mai tauri wanda aka huda wa rami, ramin ya karya kwana kamar gwiwar hannu, digiri 90. Ana ɗaukar sandar AZ31, wato magniziyam mai alminiyam kashi 3 cikin ɗari da zin (tutiya) kashi 1, mai kaurin milimita 10 zuwa 20, a shafa mata garafayit (baƙin abin nan na cikin fensir) don ta yi santsi, a ɗumama ta tare da dunƙulen zuwa wajen digiri 250. Sai injin matsa ya tura ta sannu a hankali. A daidai kwanar take murɗuwa sosai, amma ta fito da kaurinta yadda ta shiga, shi ya sa ake iya mayar da ita sau 4 har zuwa 8. Kafin kowace mayarwa a juya ta rubu'in zagaye, ta gefe ɗaya kullum, a kuma riƙa rage zafin kaɗan-kaɗan zuwa 200.

Ƙwayoyin da suka kai mikron 20 ko fiye sukan koma mikron 1 zuwa 3 (mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Abin da ya fi wannan muhimmanci a ganinmu shi ne shimfiɗun sukan karkata zuwa wajen digiri 45, inda zamewa ta fi sauƙi. A 2001 masu bincike a Japan sun nuna miƙewar AZ31 kafin ta katse takan ninka in an bi wannan hanya. Sai dai fa sandar takan fara lotsawa da nauyin da bai kai na da ba.

Matsalolin biyu ne. In an yi gaggawa ko sandar ta huce, za ta fito a tsattsage gaɓa-gaɓa kamar rake. Maganinsa a tokare bakin fita da wani matsi. In zafin ya yi yawa ko ta daɗe a ciki, ƙwayoyin su sake girma, aiki ya koma baya. Ido ba ya gane wannan zafin tunda ƙarfen ba ya yin ja, dole sai da ma'auni.

Wanda kake tsinta kuwa, Malam, yawancinsa zubi ne, irin AZ91 mai alminiyam kashi 9, kuma da ya miƙe kashi 3 cikin ɗari yake katsewa. Guduma ba za ta gyara shi ba.

Don Allah ka ware shi kafin ka zuba tarkace a wuta. Ka goge gefensa da zarto, ka ɗiga ruwan lemun tsami: magniziyam zai yi kumfa, alminiyam ba zai yi ba. Garinsa da narkakkensa suna kamawa da farar wuta mai kashe ido, ruwa kuma ƙara mata ƙarfi yake yi. Busasshen yashi za ka rufe ta da shi, saboda haka ka ajiye bokiti ɗaya cike kusa da zuga-zugi.