Ga ɗan'uwan da ya yi tambaya kan Hearns da Mayweather

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce duk ranar da ka faɗa a majalisarku cewa Thomas Hearns zai doke Floyd Mayweather a ajin nauyi na welta sai a yi maka ca, a ce wanda ya yi dambe 50 ba a taɓa doke shi ba ya gama magana, kana neman abin da za ka ce musu. Wallahi da na karanta sai da raina ya sosu, don wannan musun ne ya raba ni da mutanen da muka daɗe muna kallon dambe tare.

Ni abin ya same ni ne daren Mayweather da Pacquiao, a watan Mayun 2015. Mun kwana a gidan wani mai hali a unguwarmu, shi ya zuba mai a janareta, sai wajen asuba aka fara. Da aka tashi na ce Floyd gwani ne wajen kare kai, amma da Sugar Ray Leonard ɗin 1981 ne a gabansa, da bai samu wannan sararin ba. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Mutumin nan ya miƙe a gaban ƙannena da yaran da ni na koya wa kallon dambe, ya ce ni tsohon yayi ne, hassada ke cina, in na san dambe haka me ya hana ni sayen nawa talabijin. Aka kwashe da dariya. Na tambaye shi wa Hearns ya doke ya karɓi kambun hukumar dambe ta WBA, ya yi tsit, can ya ce ina ruwansa da matattu. Hearns kuwa yana raye! Mutumin da bai taɓa kallon turmi ɗaya na Hearns ba shi ya ci min mutunci, kuma ba wanda ya tanka, saboda a gidansa ake kallo. Washegari ya cire ni daga zauren WhatsApp ɗinmu. Har yau in na tuna sai in ji zuciyata na tafasa.

To kai, kafin ka ce uffan, tambaye su da wace doka za a yi damben. Turmi 15 ko 12? Awon nauyi ranar dambe ko tun jajibiri? Wannan kaɗai yana sauya komai. A Satumbar 1981 a Las Vegas, Hearns yana gaba da maki a wurin alƙalai ukun duka, idon Leonard na hagu ya kumbura, sai a turmi na 14 Leonard ya tsayar da shi. Da dokar yanzu ce ta turmi 12, da Hearns aka ɗaga wa hannu.

Sannan ka nuna musu jiki. Hearns ƙafa 6 da inci 1 ne, tsawon hannuwansa inci 78, na Floyd 72. Kafaɗar da Floyd ke ɓuya a bayanta tana aiki ne a kan gajerun da ke biyo shi. Hearns ba zai biyo shi ba, daga nesa zai riƙa caka masa hagu har hannun dama ya sauka, irin wanda ya kwantar da Pipino Cuevas a turmi na 2 a 1980, ranar da ya karɓi kambun WBA. Wanda zai karya Hearns sai mai nauyin hannu da zai kutsa ciki ya dake, Floyd kuwa tun Victor Ortiz a 2011 bai sake gama dambe kafin lokaci ba, in ka cire McGregor da ba ɗan boksin ba ne.

Amma don Allah kada fushi ya sa ka raina Floyd. Mosley ya girgiza shi a turmi na 2 a 2010, ya farfaɗo ya mallake sauran damben. Ƙafafun Hearns kuma suna saki in dambe ya yi nisa. Ka faɗi wannan da bakinka kafin su faɗa maka.

Kada ka jawo Sugar Ray Robinson cikin musun. Zuwa 1951 ya ci dambe 128, sau ɗaya aka doke shi, shi ma LaMotta ne da ya fi shi nauyi da fam 16. Sai dai bidiyon damben da ya yi a welta kaɗan ne ƙwarai, su kuwa "nuna mana" za su ce. Ni abin da ma ke ba ni haushi, ba mai ambaton Ike Quartey na Ghana a irin wannan hira, mutumin da ya kai De La Hoya ƙasa a 1999 har alƙalai suka rabu.

Ka bar musu a gidan mai talabijin. Samu yaro ɗaya mai son sani, ku zauna ku kalli Hearns da Cuevas a waya, ko minti 6 bai kai ba, sannan ku bi da Leonard da Duran na Montreal a 1980. In kuma suna son sunan ɗan zamaninsu, ka ba su Terence Crawford da ya tsayar da Spence a turmi na 9 a 2023. Shi kam, da yake yana juya hannu dama da hagu kuma yana da kisa, ko ni sai na yi dogon tunani kafin in ba Hearns nasara a kansa.