TSH ya hau, amma an ce tayirod ɗina ya yi sanyi

Tambaya: Likita, barka da aiki. Wata shida ke nan ina fama da kasala, ina jin sanyi ko da kowa na gumi, gashina na cika mataji, jikina kuma sai ƙara nauyi yake. An ɗebi jinina, takardar ta nuna TSH 14, T4 ya yi ƙasa, anti-TPO kuma akwai shi. Likitana ya ce tayirod ɗina ba ya aiki sosai. Yaya abu zai hau a ce min ya sauka? Ƙawata kuma ta ce in nemi gwajin tayiroglobulin don a tabbatar ba ciwon daji ba ne. Wata mai karatu.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Wannan ruɗanin na saba ganinsa. Mara lafiya sai ya ɗora yatsa a kan lambar da ta hau, ya ɗago ido yana jiran in ce an yi kuskure. Ba a yi ba.

TSH ba tayirod ke yin sa ba. Wata 'yar ƙwaya ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, fitutari, ke sako shi cikin jini, saƙo ne zuwa ga tayirod da ke gaban wuya cewa ya ƙara T4 da T3, sinadaran da ke tafiyar da zafin jiki, bugun zuciya da kuzari. Idan tayirod ya gaza, sai fitutari ya ƙara ɗaga murya. A yawancin ɗakunan gwaji, TSH na babban mutum mai lafiya yana tsakanin 0.4 da 4. Naki 14, ga T4 a ƙasa, wato ana ta kira, amsa ba ta isa ba.

Anti-TPO shi ne ya fi jan hankalina a takardarki, don shi ke faɗin dalili. Furotin ne da garkuwar jikinki ta ƙera, yana far wa tayirod ɗinki sannu a hankali. Ciwon Hashimoto ake kiransa, sunan likitan Japan da ya bayyana shi a 1912, kuma ya fi kama mata. Da an ga anti-TPO sau ɗaya ya wadatar, kada ki riƙa maimaita gwajinsa kina jiran ya ɓace.

Batun tayiroglobulin kuwa, ƙawarki ta yi da kyakkyawar niyya, amma ba wurinsa ba ne. Furotin ne da lafiyayyen tayirod ma yake yi. Amfaninsa sai bayan an cire wa mai ciwon daji tayirod, a riƙa bibiya ko ciwon ya dawo. In kin ji kullutu a wuya, hoton duban-ɗan-tayi na wuya ake yi.

Za a ba ki levothyroxine, maganin da ke maye gurbin T4 ɗin da ya yi ƙasa. Ki sha da ruwa da safe kafin ki ci komai, ki jira minti 30 zuwa 60, ki raba shi da ƙwayar ƙarin jini ko kalsiyam da awa 4. Sai bayan mako 6 zuwa 8 za a sake auna TSH, don jiki kan ɗau lokaci kafin ya daidaita. Tunda gashinki na zuba, ina roƙonki: in kina shan biotin, bitamin ɗin da ake sha don gyaran gashi, ki faɗa wa likitanki, ki dakata da shi kwana 2 zuwa 3 kafin a ɗebi jini, don yana rikita sakamakon. In kuma kina neman haihuwa ko kin samu ciki, ki sanar da shi nan take, domin yawanci ana ƙara yawan maganin.