Likitana a gajiye yake, in koma wajen mai kemis?

Tambaya: Anti, shekara biyu ke nan da aka ce ina da ciwon lufus. Tun bakwai na safe nake zama a bencin asibiti, sai bayan azahar layi ya zo kaina, likitan kuma ko ɗago kai ba ya cika yi. Mai kemis na unguwarmu ya ce in riƙa zuwa yana haɗa min magani. In yarda?

Amsa: Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa, amma kada ki yarda. A lufus, garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa mai ita, kuma ɓarnar da aka fi tsoro a ƙoda take, wadda sau da yawa shiru take yi, babu zafi. Gwajin fitsari da na jini ke tona ta. Mai kemis kuwa abin da zai yi saurin miƙo miki shi ne prednisolone da diclofenac. Na farkon, in an daɗe a kai, yana jawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi, kuma ba a yanke shi dare ɗaya. Na biyun ƙodar da ake lallaɓawa yake ƙara wa nauyi.

Gajiyar likitan naki gaskiya ce, har nazari aka yi a kanta. Christina Maslach, masaniyar halayyar ɗan Adam ta Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, ta fitar da ma'auninta tun 1981, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin matsalar da aiki ke haifarwa: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi sanyi da aikin, mutum ya ji ba ya tsinana komai. Ba kare shi nake ba, ni ma na taɓa fitowa daga ɗakin likita raina a ɓace.

Abin da zan ce ki saya shi ne ɗan littafin rubutu irin na 'yan firamare. Ki rubuta ranar da ƙafa ta kumbura, ranar da fitsari ya yi kumfa, ranar da gashi ya cika matsefi. Ki haɗa da takardun gwaji a leda ɗaya, ki ajiye masa a tebur. In kina shan hydroxychloroquine, maganin lufus da kan iya taɓa ido, ki tambaye shi yaushe za a duba miki ido, kuma ki duba lambar NAFDAC a kwalin kafin ki biya.

Tambaya: Wata tana tallar garin kolajin (collagen, wani nau'in furotin) a WhatsApp, wai yana gyara gaɓoɓi. Zai taimaka wa mai lufus?

Amsa: Ciki narkar da shi yake yi kamar sauran furotin, kuma ba ya hana garkuwar jiki ɓarnarta. Ki sa kuɗin a man kare fata daga rana mai lamba SPF 50, da laima, domin rana na tayar da ciwon ga mutane da yawa.