Na rufe shago saboda rashin ciniki, shin mai gini zai maido min ragowar kuɗin haya?

Tambaya: Barista, ina da shagon lemo da ruwan sanyi a Kano. Na biya hayar shekara ɗaya, amma bayan wata biyar kuɗin wuta da na man janareta suka cinye jarin, na rufe. Na nemi mai ginin ya maido min kuɗin wata bakwai tunda ba laifina ba ne, ya ƙi. Da na samo wanda zan sa a shagon, sai ya ɗora kwaɗonsa a kan nawa, firizoyina biyu suna ciki. Dila yana bina bashi, amma shagon yana da rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, don haka na san ba zai taɓa kayan gidana ba. Ina so in kai ƙara.

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar masu Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, duk mai sana'ar da ta dogara da sanyi ya ji a jikinsa. Sai dai ban ga takardar yarjejeniyarku ba, don haka abin da zan faɗa bayani ne na gaba ɗaya, kuma layi ɗaya a cikin takardar yana iya sauya shi.

Zan fara da abin da ba za ka so ji ba. A mafi yawan lokuta, ba ka da haƙƙin a maido maka kuɗin wata bakwai ɗin. Abin da ka biya wa kuɗi shi ne damar riƙe shagon na shekara guda. Mai gini bai yi maka alƙawarin ciniki ba, kuma da kasuwa ta buɗe ka ninka jarinka, ba zai zo neman kaso ba. Gaskiya ne doka ta yarda yarjejeniya tana iya warwarewa idan wani abu da ya fi ƙarfin kowa ya sa cika ta ya gagara, kuma Kotun Ƙoli ta amince hakan na iya shafar haya a shari'ar Araka da kamfanin Monier ta 1978. Amma can yaƙin basasa ne ya raba mutane da gidan. Tsadar fetur da ƙarancin masu saye ba su kai wannan matsayi ba, domin kotuna sun daɗe suna cewa yarjejeniya ba ta mutuwa don kawai cika ta ya yi tsada ko wahala. Ko kotun shari'ar Musulunci ka nufa, ban ga alamar za ka ji daban ba, tunda a mazhabar Malikiyya hayar da aka yanka wa wa'adi tana ɗaure ɓangarorin biyu. Abin da zai cece ka shi ne idan takardarku ta tanadi fita kafin wa'adi tare da mayar da ragowa, wanda ba kasafai ake rubuta shi a hayar shaguna ba.

Batun kwaɗo kuwa, nan mai ginin ya yi gaggawa, kuma ina mamakin yadda masu gine-gine ke ta maimaita wannan. Muddin wa'adinka bai ƙare ba, shagon yana hannunka, ko kana buɗewa ko ba ka buɗewa. Mallakar gini ba ta ba mutum ikon kulle ɗan haya a waje ko riƙe masa kaya. Hanyar sananniya ce: takardar tashi idan ana buƙatarta, sanarwar kwana bakwai, sannan kotu. Tun a shari'ar Gwamnan Legas da Ojukwu ta 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da ɗaukar doka a hannu wajen ƙwace gini, kuma a can gwamnati ce ma ta yi. Kana iya neman a buɗe maka, kana iya neman diyya, ko da yake kada ka sa ran diyyar za ta yi yawa, tunda shagon dama a rufe yake kuma da wuya ka nuna asarar ciniki.

Wataƙila zai ce ya kulle ne don kana shirin saka baƙo. Duba takardarka. Yawancinsu sun hana ɗan haya bai wa wani shagon ba da izinin mai gini ba, kuma idan taku haka ta ce, ya yi daidai da ya ƙi, amma wannan bai halatta masa kwaɗo ba. Kai ma kada ka fasa nasa, domin daga nan maganar za ta koma ofishin 'yan sanda.

Akwai wani abu da mai yiwuwa shi kansa bai lura da shi ba. Idan ya karɓe shagon, balle ya sa sabon ɗan haya, ana iya cewa ya amince hayarka ta ƙare, kuma zai yi wuya ya kare cin kuɗin haya biyu a kan shago ɗaya. Ba na ce lallai kotu za ta ba ka gaskiya ba, amma a teburin sulhu wannan ce hujjarka mafi ƙarfi.

Rajistar CAC ɗin fa, wace iri ce? Idan ta sunan kasuwanci ce kawai, kamar yadda akasarin masu shaguna ke yi, to a dokar kamfanoni ta 2020 kai da shagon mutum ɗaya ne. Dila zai iya kai ka ƙara da sunanka, idan ya yi nasara a bi dukiyarka. Kamfanin da sunansa ke ƙarewa da Ltd ne ke da rayuwarsa daban, shi ma idan ba ka tsaya wa bashin da kanka ba. Shi ma dilan ba shi da ikon kwasar kayanka sai da umarnin kotu, kuma bashin ciniki ba laifi ba ne da za a tsare mutum a kansa. Je ka same shi kafin ya aiko sammaci, ku rubuta adadin da yadda za ka riƙa biya. Idan kana da yaran shago da ke bin ka albashi, ka fara da su.

A ganina, ƙara ba za ta biya ka ba. Kafin a gama ɗage zama, wata bakwai ɗin sun wuce, firizoyin suna ruɓewa a ɗaki, kuɗin lauya kuma ya ci abin da kake nema. Ka sa lauya ya rubuta wa mai ginin takarda mai ladabi, a ba shi kwanaki kaɗan ya cire kwaɗonsa, a kuma gabatar masa da tayi: ka kwashe kayanka ka miƙa makulli, shi kuma ya maido wani ɓangare na kuɗin, ko ya karɓi mutumin da ka samo, sabon ya biya ka ragowar watannin. Idan ya taurare, akwai cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Jihar Kano, kuma shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwar layinku ko mai unguwa sukan gama irin wannan a zama ɗaya. Duk abin da aka cimma a rubuta shi, kowa ya sa hannu a gaban shaidu. Kafin nan, ɗauki hoton ƙofar da kwaɗon biyu, ka adana rasit ɗin haya da na firizoyin, kuma kada ka miƙa makulli sai an sa hannu.